Gwandu da Tsohuwar Matsalar Raba Aiki

Sunan Gwandu, a ruwayar da ta fi shahara, daga kalmar gandu ya samo asali. Kafin garin ya zama mazaunin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, gonakin sarautar Kabi ne a wurin, tun zamanin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16. Wato tun ba a san shi da malamai da littattafai ba, ya riga ya ɗauki suna daga wata hanya ta haɗa hannuwa masu yawa a kan aiki ɗaya. Wanda ya tashi a ƙauyukan wannan yanki, daga Maruda zuwa Kambaza da Dalijan, ba ya bukatar a yi masa bayanin gandu. Maigida ke da gona, shi ke yanke abin da za a shuka da ranar da za a fara. 'Ya'ya da ƙanne su yi masa aiki daga safiya zuwa azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa. A madadin haka shi zai ciyar, ya biya haraji, ya yi wa saurayi auren fari. Gandun sarki kuwa bayi ke noma shi, babu mai tambayarsu ra'ayi.

A gefen gandu akwai gayya, ita kuma halinta dabam ne. Mai gona ya gayyato samari, ya tanadi fura da tuwo, makaɗi ya sa ganga, kowa ya kama kunyarsa. Babu mai tsayawa a kan wani yana nuna masa yadda ake riƙe fartanya, domin duk sun iya, kuma idon tsara ya fi bulala kaifi. Kafin rana ta faɗi aikin da zai ci gida ɗaya mako biyu ya ƙare, kowa na ganinsa. Sai dai gayya ba ta riƙe gona daga shuka zuwa girbi, kuma manomi ya sani cewa inda aka yi tseren kunya akan bar ciyawa a gindin gero. Gandu na da dogon numfashi amma shawara a bakin mutum ɗaya take. Gayya na da sauri da kuzari amma ta kwana ɗaya ce. Gardamar da masu rubuta manhajar kwamfuta suka shafe fiye da shekara 50 suna yi a kan yadda ya kamata a tsara aiki, a tsakanin waɗannan biyu take kai da komowa.

Daga 11 zuwa 13 ga Fabrairun 2001, mutum 17 suka taru a wani masauƙin masu wasan ƙanƙara mai suna Snowbird a jihar Yuta ta Amurka. Cikinsu akwai Kent Beck da Martin Fowler da Ken Schwaber da Jeff Sutherland. Abin da suka fito da shi gajeriyar takarda ce, mai manufofi 4, daga baya aka haɗa mata ƙa'idoji 12, kuma ita ce tushen tsarin da ake kira Ajayil, wato aiki mai saurin juyawa idan hali ya canza. Ƙorafinsu a kan tsohuwar hanya ne, wadda ake kamantawa da gangaren ruwa: a zauna a rubuta dukkan abin da ake so a cikin ƙaton kundi, a miƙa wa masu zane, su miƙa wa masu rubutu, su miƙa wa masu gwaji, bayan shekara biyu a kai wa mai aiki, shi kuma ya ce ba haka yake nufi ba, ko kuma bukatarsa ta riga ta sauya. Abin dariya, Winston Royce, wanda ake jingina wa wannan hanya saboda maƙalarsa ta 1970, a cikin maƙalar kanta ya yi gargaɗin cewa bin ta a miƙe haɗari ne. Aka ɗauki zanensa, aka bar gargaɗin.

Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya nuna inda gizo ke saƙa. Ƙara mutane a kan aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin kowane sabon hannu sai an koya masa, kuma hanyoyin magana tsakanin ma'aikata sun fi adadinsu saurin yawaita. Mutum 5 suna da hanyoyi 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45, mutum 50 kuwa 1,225. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannu ɗari ma ba sa ɗaukarta idan kowa na jiran a gaya masa ta ina zai kama. Maganin da mutanen Snowbird suka zaɓa shi ne ƙananan ƙungiyoyi masu tsara kansu. A reshen da ya fi yaɗuwa, Sikiram, wanda ya ari sunansa daga wasan zari-ruga ta hanyar maƙalar da Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka suka buga a 1986 kan kamfanoni irin su Honda da Canon, ƙungiya ba ta cika wuce mutum 10 ba. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Kowace rana a yi ganawar minti 15, a ƙarshen zango a nuna abin da aka gama, sa'an nan a zauna a faɗi abin da ya lalace. Kalmar zango ta dace da abin, domin fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Kabi zuwa Gwanja neman goro haka suke: madugu ya san inda za shi, amma hanyar gobe sai an sauka an ji labarin da jagaba ya kawo.

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Jihadi yaƙi ne, an mutu a cikinsa, an kama bayi, an ƙone garuruwa, kuma mutanen da suka yi shi Lahira suke dubawa ba riba ba. Mayar da Shehu manajan kamfani rashin ladabi ne ga tarihi. Amma akwai matsala guda da ta same su a Gwandu tsakanin 1805 da 1817 wadda ita ce dai ta Brooks: aiki ya fi ƙarfin idon mutum ɗaya, labari na tafiya a hankali, kuma abin da aka tsara jiya ba ya dacewa da yau. Yadda suka warware ta, da inda warwarar ta gaza, a rubuce yake da alƙalaminsu, abin da ba kasafai ake samu ba.

Jama'ar ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, ta yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni, ta sha mummunar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, yunwa ta kora ta Zamfara. A Afrilun 1805 rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci Birnin Kebbi, kuma a cikin wannan shekara aka koma Gwandu, garin da ko ganuwa ba shi da ita. Can wajen ƙarshen shekarar Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗu suka tunkaro. Shugabannin jama'a suka kasa tsayawa a kan shawara ɗaya, wasu na ganin a zauna a tsare gari, wasu na ganin a fita a tare su. Aka fita da rarrabuwar zuciya. A kan hanya mayaƙa suka washe wani gari da ke zaman amana da jama'a, duk da hanin Abdullahi da Muhammadu Bello. A Alwasa aka karya su, kimanin mutum 1,000 suka mutu, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, inda da ƙyar aka mayar da su. Sai bayan wannan aka gina ganuwa. Alwasa ta nuna cewa ƙungiyar da ke tsara kanta, idan babu abin da kowa ya yarda shi ne iyaka, taron tsintsiya ne ba shara.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba da mamaki. Shugaba da ya ga irin wannan ɓarna, abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya ƙara damƙe komai a hannunsa. Shehu kuwa sai ya ci gaba da raba tutoci. Yakubu ya kai tasa Bauchi, Buba Yero Gwambe, Umaru Dallaji Katsina, Malam Musa Zazzau, Modibbo Adama ƙasar da yanzu ke ɗauke da sunansa. Ba a tura musu runduna daga Gwandu ba, domin babu ita. Ba a zana musu wane gari za su fara ci ba, domin su suka san ƙasarsu. Tuta izini ce ta yanke shawara a wurin da aikin yake, tare da sharaɗin mubaya'a da bin shari'a. A rani na 1805 zuwa 1806 Bello ya tafi Birnin Gada a madadin mahaifinsa, ya sadu da shugabannin gabas, ya karanta musu saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu, kowa ya koma ya ci gaba da nasa. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a Oktoban 1808, amma kafin nan Kano da Katsina sun riga sun shiga hannu, ta hannun mutanen da yawancinsu Shehu bai taɓa ganin filin dagarsu ba. Gaskiya ne larura ce ta kawo haka ba dabarar da aka zauna aka ƙirƙira ba. To, amma Ajayil ma larura ce ta haife shi.

Wani abin lura shi ne yadda rubutu ya riƙa bin aiki a baya, yana amsa tambayoyin da aikin ya haifar. Ana yawan yi wa mutanen Snowbird ƙagen cewa sun ƙi rubutu. Abin da suka ƙi shi ne kundin da ake gamawa kafin a taɓa aikin, wanda ke amsa tambayoyin da babu wanda ya yi. Shugabannin jihadi marubuta ne na gaske, littattafansu sun kai ɗaruruwa, amma da yawa daga waɗanda suka shafi mulki an rubuta su ne domin wani ya tsaya cak yana neman mafita. Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806, a tsakiyar yaƙi, da babobi kan naɗa shugabanni da alƙalai da rabon ganima, a lokacin da waɗannan suka zama matsalar kowace safiya. Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji Usulus Siyasa bayan ya nemi shawara kan yadda zai riƙe Katsina. Mai tuta ya yi aiki, ya ci karo da abin da bai sani ba, ya aiko da tambaya, amsa ta koma masa, a kwafa ta a aika wa wasu. Littafin da aka rubuta ta wannan hanya yana da mai karatu tun kafin tawada ta bushe.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan littattafai ya fito ne daga fushi. Wajajen 1807, ana kan hanyar wani yaƙi zuwa Alƙalawa, Abdullahi ya bar runduna da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar ya kai Makka kada ya dawo. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya a Tazyinul Waraƙati, shi ne yawancin abokansa na farko sun mutu a yaƙi, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu na kan dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai da sarauta. Da ya isa Kano mutanen garin suka tare shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su yi hukunci. Ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, sa'an nan ya juyo gida. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda aka karɓe shi. Mutum na biyu a jama'a ya fice a tsakiyar yaƙi, ya ce a fili aikin ya kauce hanya, ya dawo, kuma bai rasa matsayinsa ba. Har bayan haka shi da Shehu sun ci gaba da saɓani a rubuce kan abubuwa kamar laƙabin sarauta da kiɗa da ado, Abdullahi na tsanantawa, Shehu na neman sauƙi ga mutane inda malamai suka saɓa. A Najmul Ikhwan Shehu ya shawarci almajirai su karanta littattafan ƙanensa domin tsare zahirin shari'a, na ɗansa domin siyasar al'umma, nasa kuma domin riƙe ɓangarorin biyu. Wannan rabon aiki ne da ya amince cewa mai suka na cikin gida yana da kujera.

A masana'antun Toyota, waɗanda masu Ajayil suka koyi abubuwa da yawa daga gare su, akwai igiya da kowane ma'aikaci zai iya ja idan ya ga aibi, kuma idan ba a gyara nan take ba layin gaba ɗaya ya tsaya. Igiyar ba ta da tsada. Abin da ke da tsada shi ne tabbacin cewa wanda ya ja ta ba zai rasa abincinsa ba. Zaman da ake yi a ƙarshen kowane zango domin faɗar abin da ya lalace, wannan tabbacin yake bukata, kuma a nan ne yawancin masu kwaikwayo ke faɗuwa. Martin Fowler da kansa, a wani jawabi a Ostireliya a 2018, ya koka cewa an mayar da Ajayil masana'antar ɗora wa ma'aikata tsari daga sama, akasin abin da aka rubuta a Snowbird. Matasan da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, za su tarar da wannan a wuraren aiki da yawa: allo cike da 'yan takardu masu launi, ganawar safe a tsaye, amma ƙaramin ma'aikaci ba ya iya cewa ranar da aka sa ba za ta yiwu ba, kuma duk wani canji sai ya jira sa hannun oga da ya tafi Abuja. Wannan gandu ne da aka ɗauko wa makaɗin gayya. Al'adar kunya da girmama na gaba, wadda take da kyau a zaure, tana ƙara wa abin nauyi a ofis, domin yaro ba ya so ya zama shi ne ya kawo mugun labari. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

A 1812, Shehu yana zaune a Sifawa ya koma ga karantarwa, aka raba tafiyar da daular. Gabas ta koma hannun Bello, wanda ya riga ya fara gina Sakkwato tun 1809. Yamma ta koma hannun Abdullahi, wanda ke zaune a Boɗinga. Melvin Conway ya lura a 1968 cewa duk abin da wata ƙungiya ta ƙera yakan ɗauki siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Daular da mutum biyu suka gina, kowa da fagensa, ta fito da kai biyu, kuma ta zauna a haka kusan shekara 90. Rabon ya yi aiki muddin Shehu na raye, domin akwai wanda duk ɓangarorin ke komawa gare shi. Amma ya bar tambayoyi biyu a buɗe, kuma duka biyun sai da aka zubar da jini a kansu ko kusa da su.

Ta farko ita ce wa zai zama na sama idan Shehu ya tafi. Ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso, kuma ruwaya ta ce ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya ya koma Gwandu, shekaru suka shuɗe kawu da ɗa ba sa ga maciji. Ta biyu ita ce rabon waɗanda suka yi aiki ba su cikin dangi. Malam Abdussalami, Ba'are, wanda harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana na cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin tun farko, ya ga cewa abin da aka ba shi bai yi daidai da abin da ya bayar ba. Ya yi tawaye a Kware a shekarar da Shehu ya rasu. Bello ya adana wasiƙun da suka yi musaya a Sardul Kalami, kuma mai karanta su zai ga mutum ne da ke da hujja ko da an ƙi hanyarsa. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya mutu daga raunin da ya samu. Ƙungiya na iya raba aiki daidai ta kasa raba yabo da lada, kuma wanda aka tauye ba ya mantawa. Takardar Snowbird ba ta ce komai ba game da albashi ko ƙarin girma ko wanda za a sa sunansa a kan aiki, kuma da yawan ƙungiyoyin manhaja da suka watse a nan suka watse.

Ragowar mutanen Abdussalami suka tattara a Kalambaina, wadda ke kusa da Gwandu, ba ta bakin Sakkwato mai kamfanin siminti ba. Abdullahi ya kasa cin garin shi kaɗai. Wajajen 1820 zuwa 1821 Bello ya zo da runduna suka ci shi tare. Ruwayar da aka fi sani ta ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki domin girmama kawunsa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Bello kuma ya bar masa yamma yadda Shehu ya ba shi. Babu wata sabuwar takarda da ta warware rikicin. Wani aiki ne da ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba ya tilasta musu tsayawa wuri guda, kowanne ya sauke wani abu. Bayan haka Abdullahi ya bar yawancin harkokin mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari, ya koma ga littattafai har ya rasu a 1245 ta hijira, wato 1829.

Daga nan Gwandu ta zama ƙofar yamma da kudu. Ita ke tabbatar da sarakunan Nufe da Ilori da Yawuri, har da Liftako da ke cikin Burkina Faso ta yau, da garuruwan bakin Kwara irin su Sayi. Daga Gwandu zuwa Ilori ya wuce kilomita 400 a miƙe, zuwa Dori ta Liftako ya wuce 500. A irin wannan nisa babu mai iya ba da umarnin yau da gobe. Aikin cibiya ya taƙaita ga abubuwa kaɗan: naɗi, karɓar gaisuwar shekara, amsa tambayar shari'a, da raba faɗa idan ya fi ƙarfin 'yan gida. Na ƙarshen nan ya ci wa Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, lokaci mai yawa, musamman rigimar 'ya'yan Malam Dendo a Nufe, Usman Zaki da Masaba, wadda ta kai ga Usman Zaki ya yi zaman shekaru a Gwandu kafin ya koma.

Tsarin na da rauni da ya fito fili a zamanin Halilu. Cibiyar da ta miƙa kusan komai ga rassa tana rayuwa ne da yardarsu da kuma hanyar da ke tsakaninsu. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, Argungu ta tsaya da ƙafarta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka bi, sai ga abokin gaba a bakin ƙofar Gwandu yana yanke hanyoyin yamma. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso garin a 1853. Halilu, wanda ya fi karkata ga ibada da kaɗaici, bai yarda ya gan shi ba, kuma Barth ya tarar da ƙasar cikin rashin tsaro. Amma a wannan garin da ke cikin ƙunci ya samu kwafin Tarihus Sudan, tarihin Sanwai da Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafar sassansa, kuma ta hannunsa Turai ta fara sanin littafin. Ƙarfin Gwandu a lokacin ya koma na ilimi da albarkar gida. Bida ta fi ta dukiya da bindigogi nesa ba kusa ba, amma ta ci gaba da aiko da gaisuwa tana neman tabbacin naɗi, har Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya ci ta da Ilori a 1897. Ko an kira wannan nasarar tsarin ko gazawarsa, ya danganta da abin da mutum ke ganin aikin cibiya ne.

Turawa sun zo da wata hanya. Faransa ta ɗauke Sayi da Dori, Ingila ta karɓi Gwandu a 1903, aka yanka ƙasa lardi-lardi, kowane lardi da Razdan, kowane Razdan da rahoton da zai aika sama a kan lokaci. A 1906 Lugard ya tattara umarninsa ga jami'ansa a kundi guda, mai bayanin haraji da kotuna da bayi dalla-dalla, a rubuce kafin a tambaya. A Fabrairun wannan shekara mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka karya wata rundunar Turawa kafin a dawo a shafe garin. Aka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da goyon bayansu, aka tuɓe shi, aka naɗa Haliru, aka mayar da mazaunin sarautar Birnin Kebbi, garin da Abdullahi ya ci shekara 101 kafin nan. Tambayoyin Bida da Ilori kuwa suka koma tafiya Zungeru, da Turanci.